Daga Ayari zuwa Jirgin Sama: Nisan Kano da Jidda a Tarihin Hajji da Fiƙihunsa

Tsakure

Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 ta sararin sama, kuma jirgin alhazai kan yanke wannan tazara cikin awa 5 ko ƙasa da haka. Wannan maƙala ta bi tarihin tazarar tun ana cin ta da ƙafa da raƙumi ta Sahara da Misira, zuwa hanyar Wadai da Darfur da Sawakin, har saukar jirgin sama na farko a Kano a 1925 da abin da ya biyo baya. Ta kuma duba yadda gajarcewar tafiyar ta taɓa hukuncin ƙasaru da salla da miƙati. Abin da ta tabbatar shi ne, shekarun da mahajjacin da yake ɓatarwa a kan hanya, mahajjacin yau yana ɓatar da su a gida wajen tara kuɗi da jiran gurbi. Don haka bayanin istiɗa'a da ke cikin littattafan Malikiyya yana buƙatar a karantar da shi tare da sanin wannan sauyi.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A bakin Bahaushe, kalmar "gabas" ta wuce sunan mafitar rana. Mai salla gabas yake fuskanta. Gardin da ya tafi Barno neman Alƙur'ani gabas ya tafi. Wanda ya yi sallama da iyalinsa da niyyar sauke farali, shi ma gabas ya nufa. A zamanin da, wannan na ƙarshe yakan biya basussukansa, ya bar wasiyya, ya zaga dangi da maƙwabta neman gafara, domin babu wanda ya san shekarar dawowarsa, ko ma zai dawo. A yau maniyyaci kan yi sallar asuba a sansanin alhazai na Kano, ya yi azahar a Jidda.

Aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana ta rataya wajibcin hajji a kan samun ikon isa Ɗakin Allah, kuma iko abu ne da ke sauyawa da sauyin hanya. Saboda haka tarihin hanyar hajji wani yanki ne na tarihin hukuncin hajji. Wannan ne dalilin da ya sa maƙalar ta ɗauki birane biyu, Kano da Jidda, domin ta ga abin da nisan da ke tsakaninsu yake nufi ga Musulmin wannan ƙasa a kowane zamani.

2.0 Nisan a ma'aunin masana ƙasa

Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da digiri 8 da rabi gabas da layin Girinic. Jidda kuwa tana kan digiri 21 da rabi arewa, da digiri 39 gabas. Da yake ƙasa a dunƙule take, hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu lanƙwasasshen layi ce mai bin doronta. Wannan layi tsakanin biranen biyu ya kai kusan digiri 31, kowane digiri kuma kimanin kilomita 111 ne, jimilla kilomita 3,400 da 'yan kai. Zuwa Madina kuwa, nisan ya ɗan haura kilomita 3,500.

Irin wannan lissafi ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Halifa Ma'amun ya aika masana taurari zuwa filin Sinjar suka auna tsawon digiri ɗaya, suka same shi mil 56 da biyu bisa uku a milin zamaninsu. Al-Biruni kuma ya kammala littafinsa Tahdidu Nihayatil Amakin a 1025, inda ya yi bayanin yadda ake fitar da nisan garuruwa, har ya ƙididdige alƙiblar birnin Gazna. Babban abin da ya zaburar da su shi ne neman alƙibla, domin alƙiblar kowane gari ita ce farkon hanya mafi gajarta daga garin zuwa Makka.

Alƙiblar Kano tana kan kusan digiri 68 daga arewa, wato gabas mai karkata arewa da digiri 22. Layin Kano zuwa Jidda bai bambanta da ita da cikakken digiri ɗaya ba. Idan aka miƙe shi, zai bi ta wajen Haɗejiya da Nguru, ya shiga yankin Diffa a Nijar, ya ratsa arewacin Tafkin Cadi da ƙasar Kanem da duwatsun Ennedi, ya tsallake Nilu kusa da Dungula, ya keta hamadar Nuba, ya faɗa Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Mafi yawan wannan ƙasa rairayi ne da dutse. Ayari kuwa ruwa yake bi, da kasuwa, da inuwar sarkin da zai tsare shi. Shi ya sa hanyoyin da magabata suka bi duk suka kauce wa wannan layi, ɗaya ta arewa da shi, ɗaya ta kudu.

3.0 Hanyoyin ƙasa

3.1 Hanyar Sahara da Misira

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce ta arewa. Mahajjaci kan bi fatake daga Katsina ko Kano zuwa Agadas, daga nan zuwa Gat da Murzuƙ a ƙasar Fazzan, sai Aujila da Siwa har Alƙahira, inda zai jira ayarin Misira mai tashi sau ɗaya a shekara. Mutanen Kanem da Barno kan bi ta Kawar su haɗu da hanyar a Fazzan. Wanda ya makara wa ayarin Misira da kwana kaɗan, ya yi asarar shekara guda.

Girgam ɗin sarakunan Kanem ya nuna Mai Dunama ɗan Hume ya yi hajji sau biyu, ya nutse a tekun Misira a tafiyarsa ta uku. Al-Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ da mutanen Kanem suka gina wa 'yan Malikiyya a Misira a shekarun 640 na hijira, wadda ta zama masaukin ɗalibansu da mahajjatansu. Mansa Musa na Mali ya bi ta Alƙahira a 1324, Askiya Muhammadu na Songai ya yi tasa tafiyar tsakanin 1496 da 1498, Mai Idris Aloma kuma a ƙarni na 16. Jerin sunayen nan ya isa ya nuna halin hanyar: ta sarakuna ce da attajirai da malaman da suka raɓe su. Sahara ba ta da gonar da talaka zai yi ƙwadago a cikinta. Wanda bai mallaki raƙumi da salka da guzurin watanni ba, ba shi da abin da zai kai shi Fazzan.

3.2 Hanyar Sudan

Bayan daulolin Musulmi sun kafu a Bagarmi da Wadai da Darfur da Sinnar, sai wata hanya ta buɗe ta kudu da layin. Daga Kano a bi ta Barno, a tsallake kogin Shari, a shiga Wadai, sai Darfur da Kurdufan, a ƙetare Nilu, a gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wannan hanya tana ratsa ƙasar noma da kiwo, mai ƙauyuka da kasuwanni. Mai jaki ɗaya, ko wanda ba shi da komai sai sanda da buta da gafaka, zai iya bin ta. Idan guzuri ya ƙare ya yada zango ya yi noman damina ɗaya, ko ɗinki, ko wanzanci, ko ya buɗe makarantar allo, sannan ya ƙara gaba. Matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, ya haɗu da irin waɗannan mahajjata a hanyar Shandi zuwa Sawakin a 1814, ya kuma rubuta yadda suke ciyar da kansu da aikin hannunsu. Larabawa na kiran su Takarir, kuma daga nan Hausa ta sami kalmar "takari". A wannan hanya ana lissafin tafiya da damina, ba da kwana ba. Karin maganar da ke cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, a nan ba misali ba ce.

Yaƙe-yaƙen Mahadiyya a Sudan daga 1881 zuwa 1898, da mamayar Rabe a Barno daga 1893 zuwa 1900, sun dagula hanyar na wani lokaci. Zuwan Turawa kuma ya cika ta da jama'a fiye da kowane zamani. Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ɗauki hanyar gabas da dubban mutane, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Da jirgin ƙasa ya isa Ubayyid a 1912, aka kuma buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, sai mahajjata suka sami wurin tara kuɗin ƙetare teku. Da yawa sun tara sun wuce. Wasu da dama sun zauna har suka haifi 'ya'ya da jikoki, suna ci gaba da ɗaukar kansu matafiya masu jiran ranar ƙarasawa, kamar yadda Bawa Yamba ya nuna a bincikensa na 1995 kan Hausawan Sudan.

4.0 Istiɗa'a da mahajjacin ƙafa

Abin da ya ba talaka ƙwarin guiwar kama wannan hanya yana cikin littattafan da yake ji ana karantawa a zaure. Shafi'iyya da Hanabila sun fassara istiɗa'a da mallakar guzuri da abin hawa. Malikiyya kuwa, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun fassara ta da yiwuwar isa Makka ba tare da wahala mai tsanani ba, tare da aminci a kan rai da dukiya. A wurinsu, wanda zai iya tafiyar ƙafa, yake kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, hajji ya hau kansa ko da ba shi da guzuri ko abin hawa. Maɗinkin da ya bar Kano da allurarsa ya nufi Darfur, wannan hukunci ya ɗauka ya aiwatar.

Sai dai sharaɗin aminci yana iya rinjayar komai. Ibn Rushdi kaka, wanda ya rasu a 520 na hijira, ya ba da fatawa cewa farillar hajji ta faɗi a kan mutanen Andalus na zamaninsa saboda rashin amincin hanya. Shugabannin jihadin Sakkwato uku, babu wanda Allah Ya nufa da zuwa Makka. Shehu Usmanu ya raka malaminsa Malam Jibrila ɗan Umaru har Agadas, malamin ya mayar da shi gida saboda mahaifinsa bai yi masa izinin tafiyar ba. Shehu Abdullahi ya bar rundunar jihadi da niyyar gabas a wajen 1807, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, ya koma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa Tanbihur Raƙid kan ɓarnace-ɓarnacen da ke aukawa tafiyar hajji. Waɗannan malamai sun fi kowa begen Haramaini, amma sun san cewa nisa da rashin aminci da haƙƙin iyaye da na jama'a duk suna shiga cikin ma'aunin iko.

5.0 Shigowar jirgin sama

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano guda uku ne na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham. Sun taso daga Hilwan kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoba, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925. Abin lura shi ne zangunan da suka yi: Hartum, Ubayyid, Fashir, Abeshe, Fort Lamy wadda ake kira Injamena yanzu, da Maiduguri. Hanyar mahajjata ce suka biyo daga ƙarshenta zuwa farkonta, domin jirgin wancan zamani, kamar ayari, yana buƙatar gari da ruwa da wurin sauka bayan kowace 'yar tazara. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirgar mako-mako tsakanin Hartum da Kano a kan wannan hanya. A yaƙin duniya na biyu kuma aka riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, ana tuƙa su ta Kano da Maiduguri da Junaina da Fashir zuwa Misira, abin da ya sa aka faɗaɗa filayen saukar.

Duk da haka hajji bai hau sama nan take ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi ta teku a 1921. Bayan yaƙi kuma zamanin manyan motoci ya zo, masu kwasar maniyyata daga Maiduguri zuwa Abeshe da Junaina da Ubayyid, inda za su hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da aka fi sani da WAPA, wadda ta fara da motoci, daga baya ta shiga ɗaukar shatar jiragen sama. Alhaji Abubakar Imam ya kai ƙudurin kula da alhazai gaban majalisa a 1953, Sardauna Ahmadu Bello ya yi hajji a 1955, aka kuma tura Malam Abubakar Gumi Jidda a matsayin jami'in alhazai a 1957.

Daga nan abubuwa biyu suka tafi tare. Ta sama, manyan jirage suka fara yanke tazarar ba tare da zango ba, suna bin abin da ya yi kusa da miƙaƙƙen layin da aka bayyana a baya. Ta ƙasa kuwa, hanya ta riƙa rufewa. Sudan ta sami 'yanci a 1956, Nijeriya da Cadi a 1960, kowace da iyakarta da fasfonta, sannan yaƙin basasar Cadi ya ɓarke daga 1965. An kafa hukumar alhazai ta tarayya a 1975, kuma a 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000, mafi yawansu ta sama. Hanyar saman ita ma ta ci rayuka. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgin da zai kai alhazai Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, dukkan mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu.

6.0 Mas'alolin da gajarcewar tafiya ta tayar

6.1 Ƙasaru

Nisan ƙasaru a Malikiyya baridi 4 ne, wato farsahi 16 ko mil 48, wanda malaman zamani suka ƙaddara da kilomita 80 da wani abu, tafiyar yini biyu ta raƙumi mai kaya. Nisan Kano da Jidda ya ninka wannan kusan sau 40. Wani zai ce, tun da an yi sassaucin ne saboda wahala, ina wahala ga mai zaune a kujera na awa 5? Amsar tana cikin usulu: illar ƙasaru ita ce tafiya, wahala kuwa hikimarsa ce, kuma ana rataya hukunci a kan siffa bayyananniya mai iyaka. Masu sharhi na baya a mazhabar ma sun ambata cewa wanda ya yanke wannan tazara cikin ɗan lokaci ta hanyar da ta saɓa wa al'ada, kamar tashi sama, zai yi ƙasaru. Sun faɗi haka suna nufin karamar waliyyai, sai ga shi ya zama hukuncin kowane fasinja. Abin da ya fi buƙatar faɗakarwa shi ne mafarin ƙasarun. Matafiyi ba ya fara shi sai ya wuce gine-ginen garinsu, filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa gari ya riga ya kewaye shi. Don haka mazaunin Kano da ke jiran tashi a filin yana nan a hukuncin mazauni.

6.2 Salla a cikin jirgi

Digiri 30 da ɗoriya da ke tsakanin biranen biyu ta fuskar gabas suna daidai da awa 2 na tafiyar rana. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 2 na rana, idan ya yi awa 5, zai sauka da ƙarfe 9 na dare agogon Jidda. La'asar za ta shiga ta fita yana sama, kuma lokacinta zai fi na kullum gajarta, domin jirgin yana tunkarar dare ne. Mashhurin Malikiyya ya yi rangwamen haɗa salla biyu a tafiyar tudu ban da ta teku, yayin da Shafi'iyya da Hanabila ba su bambanta ba, jirgin sama kuwa ba tudu ba ne, ba teku ba. Shaihu Muhammadul Amin as-Shanƙiɗi, mai Adwa'ul Bayan, wanda shi kansa ya je hajji ta ƙasa daga Muritaniya a 1367 na hijira ya ratsa Sudan, ya rubuta risala kan ingancin salla a jirgin sama. A kan haka fatawar mafi yawan malaman zamani ta tsaya: wanda lokaci zai fita masa yana sama, ya yi salla gwargwadon ikonsa, kada ya bar ta ta wuce.

6.3 Miƙati

Wannan ita ce mas'alar da aka fi ja-in-ja a kanta. Miƙatai biyar ne: Zul-Hulaifa, Juhfa, Ƙarnul Manazil, Yalamlam da Zatu Irƙin. Wanda bai bi ta kansu ba yana ɗaukar harami idan ya zo saitin mafi kusa da shi. Juhfa tana arewa da Jidda kusa da Rabig, Yalamlam tana kudu. Shaihu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar ya halatta wa masu zuwa ta sama su jinkirta harami har Jidda, haka ma Shaihu Mustafa az-Zarƙa. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ƙi wannan ra'ayi, sannan Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a Oktoban 1986, ta yanke cewa miƙatan da Sunna ta ajiye suna kan mai wucewa ta kansu ko ta saitinsu, ta tudu ko ta teku ko ta sama.

Mai zuwa daga Kano yana da wani matsayi na daban a cikin wannan saɓani, kuma tarihin hanyar ne ke fito da shi. Malaman Shafi'iyya da Hanabila na baya sun kawo misalin wanda ya ƙetaro teku daga Sawakin kai tsaye: zai isa Jidda kafin ya zo saitin Rabig ko Yalamlam, don haka daga Jidda zai ɗauki harami. Malikiyya su ma sun bambanta mai biyo gaɓa daga Suwais da mai ƙetarowa daga Aizab, suka yi wa na biyun rangwamen jinkirtawa har ya sauka tudu. Jirgin da ya biyo miƙaƙƙen layi daga Kano yana shigowa Jidda daga yamma, kamar na Sawakin. Amma jirgi ba kullum yake bin miƙaƙƙen layi ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samanta, jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Wanda ya zagayo ta kudu zai zo saitin Yalamlam, wanda ya zagayo ta Misira zai zo saitin Juhfa. Ke nan mufti ba zai iya ba da amsa ɗaya ga kowane jirgi ba sai ya san hanyar da matuƙi ya bi. Mafita mafi aminci ita ce maniyyaci ya ɗaura tufafin harami tun kafin shiga jirgi, ya yi niyya idan aka sanar da saitin miƙati, domin gabatar da niyya kaɗan makaruhi ne kawai a mazhaba, jinkirta ta bayan miƙati kuwa yana wajabta jini. Mafi yawan alhazan Nijeriya a 'yan shekarun nan Madina ake fara kai su, su ɗauki harami a Zul-Hulaifa, wanda hakan ya rage faɗawa cikin saɓanin.

7.0 Inda nisan ya koma

A 1988 ƙasashen Musulmi suka amince da tsarin kaso, mahajjaci 1,000 ga kowane Musulmi miliyan ɗaya. Kason Nijeriya a 2023 gurbi 95,000 ne, kuma rabonsa yana hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, da hukumomin jihohi. Kuɗin kujera a 2025 ya haura naira miliyan 8, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 a wata. Ƙaramin ma'aikaci da zai ajiye albashinsa gaba ɗaya, bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 10 kafin ya haɗa kuɗin. Kakansa ya yi shekarun ne a gonakin Wadai da Jazira, kowace damina tana matsar da shi gabas. Shi kuwa zai yi su a gida, darajar abin da ya tara tana zagwanyewa. Asusun adashin alhazai da aka buɗe a 2020, bisa koyi da Tabung Haji na Maleshiya wanda ya faro a 1963, amsa ce ga wannan sabon nisa.

Daga nan ake gane inda karatun istiɗa'a ke buƙatar kulawa. Ƙa'idar Malikiyya, wato yiwuwar isa tare da aminci, tana nan daram. Misalin da aka buga mata, na mai sana'a mai iya tafiyar ƙafa, shi ne ya rataya da zamanin da babu biza, babu kaso, babu shingen iyaka. Wanda ya ɗauki misalin ya bar ƙa'idar, zai iya ganin dole ne ya kutsa ta Cadi da Sudan cikin yaƙi, ko ya ɓuya da bizar umara har lokacin hajji. A Afrilun 2024 majalisar manyan malaman Saudiyya ta bayyana cewa bai halatta a tafi hajji ba tare da izini ba. A hajjin shekarar, hukumomin ƙasar sun sanar da rasuwar mutum 1,301 cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 daga cikinsu marasa izini ne, waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Wanda bai sami gurbi ko kuɗi ba, bai sami iko ba, kuma babu laifi a kansa, kamar yadda babu laifi a kan Shehu da ƙaninsa da ɗansa.

Akwai kuma abin da tsohuwar hanya ke bayarwa wanda jirgi ba ya bayarwa. Malam Jibrila ya dawo da ijazar Murtala az-Zabidi daga Alƙahira, ta shiga salsalar malaman Sakkwato. Alhaji Umarul Futi ya ratsa ƙasar Hausa a hanyarsa ta zuwa, ya dawo ya zauna Sakkwato har rasuwar Muhammadu Bello a 1837. Kowane zango makaranta ne, kowane ayari yana dawowa da littattafai. Mahajjacin yau yana tsallake Kanem da Nuba yana barci. Gaskiya ne jirgi ya buɗe wata ƙofar, domin shi ya sauƙaƙa wa ɗalibanmu zuwa Azhar da Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961. Amma hajji da neman ilmi, waɗanda da tafiya ɗaya ce, yanzu sun rabu, kuma maniyyacin da ba a koya masa hukunce-hukuncen aikinsa a gida ba, ba shi da sauran hanyar da za ta koya masa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kilomita 3,400 da ke tsakanin Kano da Jidda an auna su da raƙuma da zinariya a zamanin hanyar Sahara, da damina da ƙwadago a zamanin hanyar Sudan, da awoyi da naira da takardu a zamanin jirgin sama. Hukuncin ƙasaru bai motsa ba domin an rataya shi a kan tazara. Hukuncin miƙati ya koma buƙatar sanin hanyar da jirgi ya bi. Istiɗa'a kuwa ƙa'idarta ta tabbata, misalanta suka sauya. Ya kamata masu karantar da babin hajji a jami'o'i da zaurukan ilmi su riƙa haɗa nassin Muhtasar da taswira da tarihin hanya, hukumomin alhazai kuma su riƙa sanar da malaman bita hanyar kowane jirgi kafin ya tashi. Allah Shi ne Mafi sani.